Yayyafin da Ya Durƙusar da Ƙarfe

Mu nan idan an ɗauke wuta, abin da za a rasa sananne ne. Fanka ta tsaya, ruwan firji ya huce, waya ta mutu sai an kai ta wurin mai caji. A jawo tabarma a fita tsakar gida a sha iska, uwargida kuma ta ci gaba da tuƙa tuwonta, don murhunta ba ya jiran kowa. Abin da ciwo, musamman ga mai walda da mai injin niƙa, amma ba a cika jin ɗaukewar wuta ta kori mutum daga gidansa ba. To akwai ƙasar da lantarki shi ne murhu, shi ne bargo, shi ne gugan rijiya, duka a kan waya ɗaya. Jihar Kwibek ke nan ta ƙasar Kanada, inda akasarin gidaje da lantarki ake ɗumama su, saboda wutar tana da araha. Daga manyan madatsun ruwa na can arewa ake jawo kaso mai yawa nata, tafiyar da ta kai nisan Legas da Kano, a kan layukan da ke ɗauke da bolt 735,000. Namu manyan layukan da ke fitowa daga Kainji da Shiroro bolt 330,000 ne, ka ga nasu ya ninka namu har da ɗoriya.

A farkon Janairun 1998 waɗannan layuka suka kwanta a ƙasa. Ba guguwa ce ta kayar da su ba, ba kuma girgizar ƙasa ba. Yayyafi ne.

Ka san yadda kitse yake idan yana cikin tukunya a kan wuta, ruwa ne tsululu. Ɗebo shi a cokali ka ɗiga a kan farantin tasa da ya kwana a waje cikin hunturu, kafin ka ƙifta ido ya kama, ya zama fari, sai an kankare. Haka wannan ruwan sama yake. Iska mai ɗumi da laima ta taso daga kudu, daga wajen tekun Meziko, ta zo ta tarar da iska mai tsananin sanyi ta kwanta a kwarin kogin Saint-Laurent da na Otawa, kamar yadda ruwa ke kwanciya a kududdufi. Mai ɗumin ba ta da nauyi, sai ta hau kan mai sanyin ta zauna kamar man gyaɗa a kan ruwa. Can sama dusar ƙanƙara ke zubowa, ta ratsa cikin ɗumin ta narke ta zama ruwa, sannan ta faɗo cikin sanyin da ke dab da ƙasa. Tazarar ba ta isa ɗigon ya daskare a hanya ba, sai ya iso yana ruwa amma ya yi sanyin da ya wuce na daskarewa. Abin da ya fara taɓawa, nan zai kama: reshe, waya, gilashin mota, matakalar gida.

Da na yini ɗaya ne da sauƙi. Daga 5 ga wata aka shiga yi ana ɗagawa, ana yi ana ɗagawa, har zuwa 10 ga wata. Kamar dai yaɓen katanga, kowane zuwa ya ɗora nasa a kan na jiya. A wasu wurare kudu da birnin Montiriyal kaurin ƙanƙarar ya tasam ma santimita 10, wato faɗin tafin hannu. Wayar da ba ta wuce kaurin babban yatsa ba ta koma kamar taɓarya. Waɗanda suka ga abin sun ce da rana duniya ƙyalli take kamar an zuba mata gilashi, da dare kuma ba a barci saboda ƙarar rassan itatuwa da ke karyewa, tas, tas, kamar 'yan bindiga ranar hawan salla, ga hasken shuɗi yana walƙawa can nesa duk lokacin da wayoyi suka haɗu ko taransifoma ta tashi.

Duk matar da ta taɓa shanya jiƙaƙƙen bargo a kan igiya ta san sauran labarin. Igiyar ta lotsa, sandunan da ke riƙe da ita su sunkuyo, in aka ƙara bargo na biyu wani abu ya ba da kai. Sai dai su manyan turakun ƙarfen da ke riƙe da layukan wuta a ɗaure suke da juna, kamar ayarin raƙuma da aka zarge hancin kowane a wutsiyar na gabansa. Muddin kowa na tsaye, jan gaba da jan baya sun daidaita. Ɗaya na durƙusawa, sai ya fizgi na bayansa, shi ma ya fizgi na bayansa, haka har abin ya yi nisa. Turakun ƙarfe wajen 1,000 ne suka lanƙwashe kamar karan dawa bayan iskar damina, falwayoyin katako kuwa ana maganar dubu talatin. Mutum miliyan huɗu ko fiye suka shiga duhu, daga gabashin Ontariyo zuwa Kwibek da New Brunswick, har cikin Amurka, jihohin Maine da Niyok da maƙwabtansu. Yankin da ya fi shan wuya, tsakanin garuruwan Saint-Hyacinthe da Granby da Saint-Jean-sur-Richelieu, wasu sun yi wata guda cur ba wuta. Ranar Juma'a 9 ga wata Montiriyal kanta saura ƙiris: layi ɗaya ya rage yana shigo mata da wuta, matatun ruwan sha suka tsaya na wasu sa'o'i, jirgin ƙarƙashin ƙasa ya tsaya, aka rufe gadoji saboda manyan ɓaraguzan ƙanƙara da ke faɗowa daga samansu.

Ruwan na ɗaukewa kuma sai sanyi ya sauko, har wajen digiri 20 ƙasa da sifili. Wato waje ya fi cikin firizar mai sayar da ƙanƙara sanyi.

Gidan Bature a irin wannan ƙasa kula ce ta zuba abinci. Bangonsa a cushe yake da abin riƙe zafi, tagoginsa gilashi biyu ne. Kula kuwa ba ta dafa tuwo, riƙe zafinsa kawai take, shi ma na ɗan lokaci. Ranar farko gidan da ɗumi-ɗuminsa, rana ta biyu an fara ganin tururin baki a cikin falo, ta uku ruwan da ke cikin kofi ya fara kamawa. Masu dabara sukan rufe sauran ɗakuna, su toshe ƙarƙashin ƙofa da tsumma, iyali duka su tattaru a ɗaki ɗaya kamar kaza da 'yan tsakinta, a sa riga kan riga, a rufe kai, domin tufafi marasa kauri guda uku sun fi mai kauri ɗaya riƙe ɗumi. Sai kuma bututun ruwa. Ka ga yadda kwalbar lemo ke fashewa in an manta ta a firiza? Ruwa in ya daskare kumbura yake. Don haka mai barin gidansa sai ya kashe babban famfo, ya buɗe ƙananan duka su tsiyaye, in ba haka ba ranar da ɗumi ya dawo zai tarar da tafki a falonsa. Tsofaffi su ne abin ji. Sanyi in ya ci jikin tsoho ba ya ihu, rawar ɗarin ma sai ta tsaya, magana ta fara sarƙewa, barci ya rinjaye shi. Da yawansu kuma sun ƙi barin gidajensu, sai da 'yan sanda da sojoji suka bi ƙofa ƙofa suna lallashi. Ni ban ga laifinsu ba, barin ɗakin da mutum ya tsufa a ciki ya koma kwana a zauren makaranta cikin baƙin fuskoki ba ƙaramin abu ba ne, amma waɗanda suka ƙwanƙwasa ƙofofin nan sun ceci rayuka.

A Kanada mutum talatin ko kusa da haka suka rasu, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ba duka sanyi ya kashe ba. Wasu gobara ce, daga kyandir ko murhun itacen da aka yi kwanaki ana ɗura masa wuta ba hutu. Wasu daga kan rufi suka zamo suna fasa ƙanƙara. Wasu kuwa abin da suka kawo don ya cece su ne ya kashe su: janareta a cikin gareji ko ɗakin ƙasa, abin gashin nama na gawayi da aka shigo da shi falo, risho na zuwa daji da aka kunna aka rufe taga.

Nan fa labarin ya zo har ƙofar gidanmu, domin kaskon garwashi a ɗaki rufe cikin hunturu namu ne, janareta a lungun shago ko a baranda da daddare ma namu ne, kuma ba sau ɗaya ba mun ji an wayi gari an tarar da iyali guda ba rai. Mutane kan ce ai garwashin ya ruru, hayaƙin ya ƙare, ba komai. Hayaƙin da ke sa hawaye da tari ai mai gaskiya ne, yana sallama kafin ya shigo. Mugun shi ne iskar kabon monoksaid, ba launi, ba wari, ba ɗanɗano, wadda ke fita duk inda abu ke ci da wuta ba wadatacciyar iska. Ɗauki jinin jikinka a matsayin 'yan dako a kasuwa. Aikinsu su ɗauko iska mai kyau daga huhu su sauke a ƙwaƙwalwa da zuciya, su koma su ɗauko wata. Ita wannan iska kaya ne da ke manne wa ɗan dako fiye da kayan kirki sau ɗari biyu, in ta hau kansa ba ta sauka da wuri. Ɗaya bayan ɗaya sai ta kama su, kasuwa cike da 'yan dako suna kaiwa da komowa, amma ba abin da ke isa rumfa. Mutum ya ji ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala, ya ce gajiya ce bari ya ɗan kwanta. In ka ga mutanen ɗaki ɗaya duk sun kama ciwon kai lokaci guda, ga kasko ko inji a kusa, kada a tsaya neman magani, a buɗe ƙofa a fitar da kowa waje, a nufi asibiti. Janareta kuwa wurinsa fili, taku goma daga ƙofa da taga, bakin salansarsa na kallon wani wajen. Gara ɓarawo ya gan shi da a kwana da shi.

Sai ita wayar da ta faɗi. A waɗancan kwanaki titunan Kwibek cike suke da wayoyi, wasu a kan motoci, wasu sun nutse cikin ƙanƙara, wasu sun sarƙe da rassa. Unguwa duhu, ba gidan da ke da haske, to wa zai ce wayar da ke kwance kamar tsohuwar igiyar guga tana da rai? Kallon kitse ke nan ake yi wa rogo. Waya mai wuta ba dole ta yi tartsatsi ba, ba dole ta yi ƙara ko ta yi tsalle ba. Kwanciya take kamar kasa a cikin ganye.

Ko da ma ta mutu yanzu, ba tabbas bayan minti guda. Akwai na'ura a kan layuka mai ladabi irin na baƙon kirki. In wani abu ya taɓa layi sai ta yanke wuta, ta ɗan jira, ta sake turawa ta gani ko reshe ne ya gifta ya wuce. Kamar mai sallama a ƙofar gida, ya yi ta farko, ya saurara, ya yi ta biyu, ya yi ta uku, sannan ya haƙura. Wanda ya kai hannu tsakanin sallama da sallama, shi za a amsa wa.

Abin da mutane suka fi jahilta shi ne ba sai ka taɓa wayar ba. Inda bakinta ya taɓa ƙasa, wutar malala take ta kowane gefe. Ka ƙaddara tsibin gero ne a masussuka: tsakiya ya fi tudu, yana raguwa yana raguwa har ya baje a gefe. Ƙarfin wutar haka yake kewaye da wayar, tudu a tsakiya, gangara zuwa waje. Lantarki kuwa halinsa ɗaya da ruwa, ba ya gudu sai ya sami gangara. In ka buɗe ƙafa ka yi dogon taku, ƙafa ɗaya tana tudu ɗaya tana kwari, jikinka ya zama indararo, wuta ta hau ta wannan ƙafa ta sauka ta waccan. Makiyaya sun san wannan ko ba su karanta ba: aradu kan faɗi kusa da garke ta kwantar da shanu da yawa, makiyayin da ke tsaye a gefe ya tsira. Saniya tazarar ƙafafunta na gaba da na baya babba ce, zuciyarta kuma na kan hanya. Shi ya sa kuma tsuntsu ke zama a kan waya yana gyara gashinsa, ƙafafunsa biyu a tudu ɗaya suke, ba gangara.

Saboda haka in ka tsinci kanka kusa da waya a ƙasa, kada ka ruga. Haɗe ƙafafunka ka ja su kamar jakin da aka yi wa dabaibayi, kaɗan kaɗan, tafin ƙafa ba ya barin ƙasa, diddigen wannan ba ya wuce yatsun waccan, har ka yi nisan mita 10, tsawon motar safa ke nan. Daga can ka tsaya ka hana yara da dabbobi matsowa, ka aika a kira ma'aikatan wuta. In kana cikin mota waya ta faɗo mata, da muguwar rawa gara ƙin tashi: zauna abinka, kai ne tsuntsun kan waya, ka leƙo ta taga ka hana masu zuwa taimako taɓa motar. Sai fa in wuta ta kama motar, sannan ka buɗe ƙofa, ka haɗe ƙafa ka yi tsalle ka dira da su tare, kada hannunka na jikin mota ƙafarka na ƙasa, sannan ka ja dabaibayinka ka yi gaba.

Mafi wuya shi ne ganin mutum kwance wuta ta kama shi. Zuciya cewa take ka ruga ka jawo shi, mu kuma mutane ne masu kai ɗauki, ba ma iya tsayawa kallo. Amma mai jan sa shi ne gawa ta biyu. Maganar busasshiyar sanda da ake yi, ta wutar cikin gida ce, ita ma in ba halin kashe mita. Wutar babban layi ba ta san sanda ba, itace mai ɗan laima ko datti hanya ne a wurinta, haka shingen ƙarfe, haka kwanon rufi, haka ruwan da ya kwanta a hanya. Ba mu manta da Kalaba ba, a Afrilun 2017, lokacin da babbar waya ta faɗo a kan rufin gidan kallon ƙwallo ana kallon wasan Manchester United, aka rasa rayuka. Mu ba mu da ruwan ƙanƙara irin nasu, amma iskar farkon damina tana kayar mana da falwaya kowace shekara.

Akwai kuma haɗarin da mai gida ke aika wa ma'aikacin wuta bai sani ba. Taransifoma ɗan canji ne. Babban layi na kawo mata wuta a dunƙule, a Kwibek bolt 25,000, a unguwanninmu yawanci 11,000, ita kuma ta farfasa ta zuwa canjin da kwan fitila zai iya ɗauka. To ɗan canji ai ta kowane gefe yake aiki, ka kawo masa ƙananan kuɗi ya dunƙule maka. Wanda ya jona janareta kai tsaye a soket ɗin gidansa bai raba layinsa da na gari ba, wutarsa za ta bi waya ta fita, ta shiga taransifoma ta baya, ta fito da dubban bolt a kan layin da wani bawan Allah ke riƙe da shi a saman falwaya, yana da yaƙinin an kashe. Makunnin da ke raba wutar inji da ta gari ba ado ba ne, ran wani ne.

A karkarar Kwibek kuwa manoma sun ga tashin hankali. Shanun madararsu da inji ake tatsarsu safe da yamma, saniyar da ba a tatsa ba kuwa hantsarta kumbura take ta kamu da ciwo. Sai janareta ɗaya ya riƙa yawo gona gona a bayan tarakta, nan a tatsa, a kashe, a wuce gaba, kamar yadda ake aron turmi a unguwa. Duk da haka miliyoyin litar madara aka zubar don masana'antu a rufe suke. Itatuwan mapul da suke tsagawa su tari ruwan zaƙinsu su dafa ya yi kauri kamar zuma, waɗanda Kwibek ta fi kowa a duniya arziki da su, da yawa sun rasa kawunansu, itacen kuwa sai ya shekara talatin zuwa arba'in kafin a fara tatsarsa.

Gayya aka yi, babba. Sojojin Kanada fiye da 15,000 suka fito sare rassa da kwashe mutane, ma'aikatan wuta suka zo daga sauran jihohi da Amurka. Yankunan da abin bai shafa ba suka riƙa aiko da itacen wuta mota mota. Dubban ɗaruruwan mutane sun bar gidajensu, akasari wurin dangi da abokai suka sauka, duk gidan da ke da murhun itace ya zama zango. Kowace yamma firimiyan jihar, Lucien Bouchard, da shugaban kamfanin wuta na Hydro-Québec, André Caillé, sukan fito a talabijin su faɗi inda aka kwana, masu rediyo mai batir na saurare cikin duhu. A garin Boucherville har kan jirgin ƙasa aka sauke daga dogo, aka tuƙa shi a kan kwalta, ƙafafunsa na sassaƙe titi, aka kai shi kusa da ofishin magajin gari aka jona, tunda kan jirgi mai dizal ba komai ba ne illa ƙaton janareta mai ƙafafu.

Bayan ƙura ta lafa gwamnati ta kafa kwamitin bincike ƙarƙashin injiniya Roger Nicolet, ya miƙa rahotonsa a 1999. Da aka zo sake gina layukan, sai aka gyara ɗaurin ayarin: bayan kowane 'yan turaku, kamar goma goma, a kafa wani jibgege mai ƙafafu a buɗe, wanda ko na gabansa sun zube shi ba zai biyo su ba. Aka ƙara wa garuruwa hanyoyin shigowar wuta, don in an toshe ƙofa ɗaya a bi ta wata, aka kuma matsa wajen sassabe itatuwan da ke leƙa waya. A Lévis, tsallaken kogi daga birnin Kwibek, aka girka wata na'ura mai aiki irin na hitar da ake tsomawa a bokiti. In ƙanƙara ta fara taruwa, sai a ware layin daga aiki, a tura masa wuta mai yawa da gangan har wayar ta ɗauki zafi, ƙanƙarar ta saki ta zube, a mayar da shi bakin aiki a koma kan na gaba.